Kiwon Dinya a Gida: Zaɓen Iri Mai Sanyin Hali da Yadda Ake Bi da Toro Mai Faɗa

Gabatarwa

Dangoma gari ne na noma da kiwo a Ƙaramar Hukumar Kalgo, cikin Masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi. Kamar sauran garuruwan da ke maƙwabtaka da fadamar Gulbin Rima, ƙasar tana da ciyawa da ruwa da dusar shinkafa, waɗanda su ne manyan abubuwan da dinya ke bukata. Kaji da zabi da agwagi da tattabaru su ne tsuntsayen da aka saba kiwo a gidajenmu, dinyar gida kuwa baƙuwa ce ga mafi yawan jama'a. Saboda haka wanda ya saye ta yakan ɗauka cewa zai bi da ita yadda yake bi da agwagwa, har ranar da toro zai buɗe fikafikai ya kori yaro daga bakin rijiya, ko garken ya faɗa wa irin shinkafar maƙwabci.

An shirya wannan bayani domin manoma da matan gida masu sha'awar wannan kiwo, da kuma malaman gona, da iyayen ƙasa, da hakimai da masu unguwanni waɗanda ake kai wa ƙara idan an sami saɓani. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, faɗan toron dinya yana da dalili kuma yana da lokaci. Wanda ya zaɓi tsuntsu da kyau tun a kasuwa, ya kuma tsara gidansa yadda ya dace, ya kauce wa mafi yawan matsalar.

Dinyar daji da dinyar gida

Dinyar da masunta da mafarauta suka sani a fadama ita ce babbar tsuntsuwar nan mai baƙin baya da farin ciki da jan baki. Tana da wani ƙashi mai tsini kamar ƙaya a gwiwar kowane fiffike, kuma da shi take faɗa. Wannan tsuntsuwar daji ce, ba ita ce uwar dinyar gida ba. Ko an ɗebo ƙwanta an ba kaza ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan sukan tashi da halin daji, kuma ƙayar fiffikensu tana iya yi wa yaro mummunan rauni. Ba a ba kowa shawarar ajiye ta a gidan da ke da ƙananan yara.

Dinyar gida ta fito ne daga tushe biyu. Na farko shi ne wata dinya mai ruwan toka ta ƙasashen Turai da yammacin Asiya, wadda masana ke kira Anser anser. Daga ita aka sami ire-iren Turai. Na biyu shi ne wata mai dogon wuya ta gabashin Asiya, wato Anser cygnoides, wadda ta haifar da ire-iren ƙasar Sin. Ana gane jikokin ta biyun da ƙululun da ke saman bakinsu, daidai goshi. Wannan alama tana da amfani ga mai saye, domin tana nuna masa gidan da tsuntsuwar ta fito, da irin halin da zai sa rai da shi.

Ire-iren dinya da halayensu

Filgirim. Iri ne matsakaici da aka daidaita a Amurka, aka kuma shigar da shi cikin kundin ire-iren tsuntsayen gida na ƙasar a 1939. Nauyinsa kilo 6 zuwa 7. An san shi da natsuwa da ƙarancin hayaniya. Yana da wata fa'ida da ba kowane iri ke da ita ba: toro fari ne, mace kuwa mai ruwan toka, don haka ba a ruɗewa wajen bambance su.

Sabastofol. Farar dinya ce mai dogon gashi a nannaɗe, nauyinta kilo 5 zuwa 6. Tana da sanyin hali ƙwarai, amma gashinta yana saurin ɗaukar laka, kuma tana bukatar ruwan wanka mai tsabta kullum. Ta fi dacewa da mai kiwon sha'awa.

Tulus. An sa mata sunan wani birni a kudancin Faransa. Mai ruwan toka ce, babba, kuma nau'inta mai fata tana reto a ƙarƙashin maƙogwaro yakan kai kilo 10 ko fiye. Tana da haƙuri da nawa, ba ta yawo da nisa. Aibinta shi ne nauyin jiki yana wahalar da ita a lokacin zafi.

Emdan. Asalinta arewacin Jamus. Fara ce fat, doguwa, toronta yakan kai kilo 11 zuwa 12, kuma ana kiwonta domin nama a Turai. Matan ba su da fitina, amma toron yana da tsananin kishin iyalinsa a lokacin ƙwai, ga shi da ƙarfi.

'Yar Sin. Ƙarama ce mai dogon wuya da ƙululu, akwai fara akwai mai ruwan ƙasa. Toro yana da kilo 5 da rabi, mace kilo 4 da rabi ko kusa da haka. Ta fi kowane iri yawan ƙwai, domin takan yi 50 ko fiye a shekara idan ta sami kulawa, alhali manyan ire-iren Turai sukan tsaya tsakanin 25 zuwa 40. Ita ce kuma ta fi kowa kuka da sa ido a kan baƙo. Saboda wannan hali ne wani kamfanin barasa a garin Dumbarton na Sikotilan ya riƙa amfani da garken irinta wajen gadin rumbunansa daga 1959 har zuwa 2012.

'Yar Afirka. Sunan kawai take da shi, asalinta ma ƙasar Sin ne. Ta fi 'yar Sin kauri da nauyi, toro yakan kai kilo 9 zuwa 10. Halinta ya danganta da renon da ta samu, ana samun masu natsuwa, ana samun masu zafi.

Wanne ya dace da ƙasarmu?

Abubuwa biyu ne za su yanke wannan hukunci. Na farko shi ne yanayi. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a yankin Birnin Kebbi da Kalgo yakan haura digiri 40. Manyan ire-ire kamar Tulus da Emdan an gina su ne domin ƙasashen sanyi, kuma a irin wannan zafi sukan rage cin abinci, ƙwansu ya ragu, wanda aka samu ma ya ƙi ƙyanƙyasuwa. Ƙananan ire-ire sun fi jurewa. Wannan ya sa mai kiwo yake tsakanin zaɓi biyu: masu sanyin hali da yawansu ba su son zafi, mai jure zafi kuwa, wato 'yar Sin, ita ce mai hayaniya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda gidansa ke tsakiyar unguwa ya yi tunani kafin ya sayi mai ƙululu, amma ga mai gidan gona ko ruga, kukan nata gadi ne.

Na biyu shi ne abin da kasuwa ke da shi. Tsantsar iri mai tabbataccen asali ba abu ne da ake samu cikin sauƙi a kasuwannin tsuntsaye ba. Abin da aka fi cin karo da shi ruwa-biyu ne, kuma sunan da dillali ya kira ba hujja ba ne. Don haka maimakon dogara ga suna, mai saye ya dubi tsuntsun da ke gabansa, ya kuma nemi sanin iyayensa. A cikin iri guda ma hali yana bambanta daga gida zuwa gida, kuma ana gadon sa.

Abubuwan dubawa wajen saye

1. Ya fi kyau a saya daga gidan mai kiwo, inda za a ga uban da uwar. A tsaya a kalli yadda toron yake yi idan mai gida ya shiga, da kuma idan yaro ya gitta.

2. A yi hattara da babban toro da ake sayarwa shi kaɗai da araha. Sau da yawa faɗa ne ya raba shi da gidansu.

3. A sayi matasa 'yan wata 2 zuwa 4, waɗanda suka yi gashi amma ba su balaga ba. Sun fi saurin sabawa da gida da mutanensa.

4. Kada a sayi guda ɗaya. Dinya tsuntsuwar garke ce, kuma wadda aka bari ita kaɗai ta fi zama fitinanniya.

5. A tabbatar da maza da mata. Toro ya fi girma da tsawon wuya, muryarsa siririya ce mai ƙara, ta mace kuwa ta fi kauri. A iri mai ƙululu, na toro ya fi girma. Idan ana shakka, a nemi malamin dabbobi ya duba.

6. A dubi lafiya: ido garau, hanci ba majina, gashin gindi ba kashi, tafiya ba ɗingishi.

Wanda bukatarsa ƙwan ci ne kawai ba ya bukatar toro ko kaɗan, domin mata suna yin ƙwai ba tare da namiji ba, sai dai ba ya ƙyanƙyasuwa. Ƙwan dinya ɗaya yakan kai giram 150, wato kusan na kaza uku. Gidan da ke da yara ƙanana da tsofaffi zai iya farawa da mata biyu ko uku.

Dalilan da ke sa toro faɗa

Babban dalili shi ne tsaron iyali. Dinya tana riƙe abokin zama na tsawon lokaci, kuma idan mace ta fara ƙwai, toro ne mai gadi. Kwancin dinya yana ɗaukar kwana 28 zuwa 35, gwargwadon girman iri, inda na kaza yake kwana 21. Daga fara ƙwai zuwa lokacin da 'yan tsaki za su yi wayo, toron da aka sani da lafiya yakan sauya gaba ɗaya. Idan lokacin ya wuce, mafi yawansu sukan koma yadda suke. A ƙasashen Turai wannan lokaci yana zuwa ne idan sanyi ya wuce, yini ya fara tsawo. A nan tsawon yini ba ya bambanta sosai tsakanin watanni, don haka kowane mai kiwo ya lura da watannin da nasa ke ƙwai, ya shirya musu a shekara mai zuwa.

Dalili na biyu shi ne yawan maza. Toraye biyu a kan mace ɗaya yaƙi ne kullum, kuma wanda aka kayar yakan huce a kan kaji da yara. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce toro 1 ga mata 2 zuwa 3 a manyan ire-ire, toro 1 ga mata 4 zuwa 6 a ƙananan.

Dalili na uku shi ne reno. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, wanda ya sami kyautar Nobel a 1973, ya nuna cewa ɗan tsakon dinya yana ɗaukar abu mai motsi na farko da ya gani bayan ƙyanƙyasa a matsayin uwarsa. Tsakon da aka rena a hannu, ana rungumarsa ana ba shi abinci a tafin hannu, yakan tashi yana ganin mutum ɗan'uwansa ne. Idan namiji ne, ranar da ya balaga sai ya fara gwada ƙarfi da mutanen gida kamar yadda zai yi da wani toro. Ana so tsako ya saba da mutane, amma ya tashi cikin 'yan'uwansa tsuntsaye.

Dalili na huɗu shi ne tsokana. Dinya tana da tsawon rai, takan kai shekara 15 zuwa 20, kuma tana gane mutane. Toron da yara suka saba jifa ko kora ba ya mantawa. Haka nan yaron da ya ruga da gudu yana kuka ya koya wa toro cewa barazanarsa tana ci.

Tsarin gida

A ware wa dinya wurinta, nesa da ƙofar gida, da bakin rijiya, da hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Dangar kara ko zana ko waya mai tsayin mita 1 ta isa, domin dinyar gida ba ta cika tashi ba. Ɗakin kwana ya kasance mai iska, a ba kowace kimanin murabba'in mita 1, a kuma rufe shi da dare saboda karnuka da dila da muzuru. 'Yan tsaki kuwa a tsare su daga shirwa da tunku da guza.

A shirya sheƙa tun kafin a fara ƙwai, a lungu mai inuwa, faɗinta kamar santimita 60 kowane gefe, a shimfiɗa ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa. Idan ba a yi haka ba, mace za ta zaɓi wurin da ta ga dama, ko da gindin murhu ne, toro kuma ya kafa sansani a nan.

Ba lallai sai da tafki ba, amma dole a sami ruwa mai zurfin da za ta nutsa kanta duka ta wanke ido da hanci. Rabin duro ko babban baho ya wadatar, a riƙa sauya ruwan. A ajiye abinci da ruwa kusa da ƙofar danga yadda mai ba su ba zai ratsa ta gaban sheƙa ba.

Ciyawa ce babban abincinta. Tana son gajeriya mai taushi irin su kiri-kiri da harkiya da sabon tohon burgu. Da rani a ƙara mata da dusar shinkafa, ko ta gero ko ta dawa, da ɗan tsaba da yamma. Kada a ba ta hatsi ko tunkuzar da ta yi fumfuna, domin gubar da ke ciki tana kashe 'yan tsakin tsuntsayen ruwa da sauri. Kada kuma a sake ta a gonar da aka yi wa feshi. Dinyar da ta ƙoshi, ta sami inuwa da ruwa da fili, ba ta cika neman rigima ba.

Idan toro ya taso

Toro ba ya kai hari sai ya yi gargaɗi. Yakan miƙe wuya ƙasa-ƙasa, ya yi huci, ya ɗan buɗe fikafikai. Ba shi da haƙori, amma gefen bakinsa yana da zarto, kuma idan ya kama fata yakan murɗa. Dukan fiffike ya fi cizon zafi. Ga babba abin bai wuce ƙujewa da kumburi ba, amma fuskar yaro ɗan shekara 3 daidai take da kan toro, nan ne haɗarin yake.

Wanda toro ya taso masa kada ya gudu, kada ya juya baya. Ya fuskance shi, ya tsaya a miƙe, ya buɗe hannuwa, ya yi magana da murya mai ƙarfi ba tare da ihu ba. Idan toron ya tsaya, sai ya matsa gaba a hankali har tsuntsun ya kauce. Idan kusa da sheƙa ne, ya ja da baya yana fuskantarsa. Sanda ko tsintsiya mai dogon hannu ko faifai suna da amfani wajen tare shi da karkatar da shi. Ba a dukansa, ba a shurinsa, domin duka yana karya fiffike ko ƙafa, kuma yana ƙara masa gaba.

Idan ana so a kama shi, a kora shi lungu a hankali. A riƙe wuyansa daga ƙasan kai, riƙo mai sauƙi ba shaƙewa ba, a zagaye jikinsa da ɗaya hannun a danne fikafikai, a ɗauke shi a hammata, kansa yana kallon baya. Ba a kama dinya ta ƙafa kamar kaza, ƙafafunta suna saurin gocewa. Toro mai gwada ƙarfi, idan aka riƙe shi haka na ɗan lokaci har ya natsu sannan aka sake shi, aka kuma maimaita duk sa'ad da ya taso, yakan gane iyakarsa. Ya kamata kowane babba a gidan ya bi hanya ɗaya. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, idan kuwa raunin ya yi zurfi ko ya shafi ido, a tafi asibiti nan take.

Lokacin rabuwa da toro

Toron da ke faɗa a watannin ƙwai kawai aikinsa yake yi, a killace shi har lokacin ya wuce. Amma wanda ke kai hari duk shekara, ko yake bin yara har wajen dangarsa, ko yake kashe kaji da 'yan tsaki, hali zanen dutse ne. A kitsa shi a yanka, kada a bar shi ya yi iri. Idan za a sayar da shi, a faɗa wa mai saye gaskiyar halinsa. A maye gurbinsa makonni 4 zuwa 6 kafin lokacin ƙwai, domin matan su saba da sabon. Wannan shawara ta shafi toron agwagwa ma, wanda shi kuma da farcensa yake yin rauni.

Haƙƙin maƙwabta da aikin shugabanni

Shinkafa dangin ciyawa ce, kuma a idon dinya irin shinkafa da sabon tsiron gero ko alkama abinci ne mai daɗi. Garke ƙarami yana iya cinye fangalin iri cikin safiya ɗaya. A jihar da noman shinkafa na damina da na rani ya zama abin dogaron dubban gidaje, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Mai dinya ya killace ta a lokacin shuka da dashe, ko ya sa mai kiwo ya bi ta. Bayan girbi kuwa, da izinin mai gona, sakinta cikin fadama riba ce, domin tana tsince zubabbiyar tsaba.

Ana kira ga hakimai da masu unguwanni su sanar da lokacin killace tsuntsaye tare da na awaki da tumaki, su kuma sasanta ƙarar ɓarna ko rauni da wuri, kafin ta kai ga kashe tsuntsun wani ko gaba tsakanin gidaje.

Batun murar tsuntsaye

An fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya a watan Fabrairun 2006, a wata gona da ke Jihar Kaduna, ta kuma sake ɓarkewa a 2015 da 2021. Tsuntsayen ruwa suna iya ɗaukar ƙwayar cutar ba tare da sun nuna alama sosai ba. Don haka sabuwar dinya a ware ta makonni 2 zuwa 3 kafin a haɗa ta da na gida, kada kuma a bar na gida su yi cuɗanya da dinyar daji da ƙirinjijiya a tafki. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka, kada a ci, kada a kai kasuwa. A sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, wanda zai aika da samfuri zuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato.

Kammalawa

Dinya tana ba da nama da ƙwai da taki da gadi, kuma mafi yawan abincinta ciyawa ce da ba a saye. Mai farawa ya fara da kaɗan, ya gina danga kafin ya tafi kasuwa, ya zaɓi 'ya'yan toro mai natsuwa, ya kuma koya wa yaransa kada su tsokana, kada su gudu. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko sashen aikin gona na Ƙaramar Hukumar Kalgo.